Albashin koci da cin wasa: shin tsada tana kawo nasara?

Ga abin da muka tattauna a shirinmu na wasanni na wannan mako. Mun rubuta shi saboda waɗanda suke daji da dabbobi, ko suke kan hanya da kaya, a lokacin da aka watsa shi. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa na kusa da shi.

Maganar daga teburin wani mai shayi ta taso, a nan Amriguébé. Bayan sallar isha'i gardama ta kaure tsakanin wani dillalin shanu da wani direban babbar mota mai jigila tsakanin Kusuri da Gamboru. Direban ya ce rowa ce ta hana ƙungiyar ƙasar Chadi, wato Sao, zuwa gasar cin kofin Afirka ko da sau ɗaya. A cewarsa, a ɗauko koci mai tsada daga Turai, a zuba masa kuɗi, sai a ga aiki. Dillalin ya ce: "Haba Alhaji, ko wa ka kawo, kuɗin ne kawai zai tafi." Aka watse ba wanda ya sauka daga kan bakansa, washegari ɗayansu ya kira mu ya ce mu raba gardama.

Tambayar ba ta 'yan kallon ƙwallo ba ce kaɗai. A ƙasashenmu yawancin kuɗin da ake biyan mai horar da ƙungiyar ƙasa daga baitulmali yake fitowa, wato daga harajin da kuke biya a kara da a gadar Ngeli. Sannan duk wanda ya taɓa ɗaukar yaron kiwo ko yaron shago ya san irinta: nawa zan biya shi, kuma da me zan gane ya ci kuɗinsa?

Nawa ake magana a kai?

Mu fara daidaita lissafi. Duk inda muka ce dala a nan, dalar Amurka muke nufi, ba dalar da 'yan'uwanmu na Nijar suke ƙirga sefa biyar-biyar da ita ba. Don sauƙi mu ɗauki dala ɗaya a kan sefa 600, ko da yake canji yana hawa yana sauka.

A 2022 Najeriya ta ɗauki José Peseiro, mutumin Fotugal, ya horar da Super Eagles. Jaridu sun ruwaito albashinsa dala 70,000 a wata. Sefa miliyan 42 ke nan. A ce bijimi mai kyau yana kai jaka 400 a kasuwa, to mutum ɗaya yana karɓar kuɗin bijimai 105 duk ƙarshen wata.

Wannan ma wasan yara ne idan aka leƙa Amurka. A can jami'o'i, wato makarantu, suna da ƙungiyoyin wani irin ƙwallo nasu mai siffar ƙwai, wanda ake runguma da hannu a ruga, 'yan wasa suna sanye da hular kwano. Ɗalibai ne suke bugawa, amma filin jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum sama da 100,000. Gidajen talabijin suna biyan maƙudan kuɗi don nuna wasannin, tsofaffin ɗalibai masu arziki suna ba da gudummawa. Shekaru da yawa doka ta hana a biya 'yan wasan albashi, don haka kuɗin ya riƙa kwarara wajen koci da gine-gine. Shi ya sa a jihohi da dama na Amurka, ma'aikacin gwamnatin da ya fi kowa albashi kocin jami'a ne, ya fi gwamna nesa ba kusa ba.

A ƙarshen 2017 jami'ar Texas A&M ta ɗauki wani koci mai suna Jimbo Fisher a kan dala miliyan 75 na shekara 10, saboda ya taɓa cin kofin ƙasa da jami'ar Florida State a kakar 2013. A 2021 suka ƙara masa kuɗi da wa'adi. Bai ci musu kofin ƙasa ba, bai ci na shiyyarsu ba. A Nuwamban 2023 suka sallame shi, amma yarjejeniya ta tilasta musu biyansa kimanin dala miliyan 76 don ya tafi gida. A lissafinmu na ɗazu, bijimai 114,000 ke nan, ladan barin aiki.

Yadda ake yanke farashin koci

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, albashin koci ciniki ne da ake ƙullawa kafin a buga wasa ko ɗaya. Abubuwa uku ne suke yanke shi: sunan da mutum ya yi a baya, yawan masu zawarcinsa a lokacin, da nauyin aljihun mai nema. Sakamakon da zai kawo ba ya cikin ukun nan, domin ba wanda ya gan shi tukuna.

Masu kiwo sun fi kowa sanin wannan. Idan ka sayi karsana da tsada, abin da ka biya shi ne asalinta, da kyan jikinta, da kasancewar mutum uku suna tayawa a gabanka. Ko za ta haihu, ko za ta yi nono, wannan sai nan gaba. Wani lokaci tsadar ta yi rana, wani lokaci kuma wadda maƙwabcinka ya saya da araha ita ce za ta cika masa garke.

Haka ya faru a gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil. Wanda ya fi kowane koci albashi a gasar shi ne Fabio Capello na Italiya, mai horar da Rasha, da kimanin dala miliyan 11 a shekara. Rasha ba ta ci wasa ko ɗaya ba, ta yi kunnen doki biyu, aka doke ta sau ɗaya, Aljeriya ta wuce ta bar ta. A gasar dai, ƙaramar ƙasa Costa Rica, wadda kocinta bai kama ƙafar Capello a albashi ba, ta fito ta ɗaya a rukunin da ya haɗa Italiya da Ingila da Uruguay, ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe.

Akwai kuma tarkon da ke cikin takarda. Babban koci ba ya sa hannu sai an rubuta cewa idan aka kore shi kafin wa'adi za a biya shi sauran kuɗinsa, ko wani kaso mai tsoka. Ma'ana, ya ci wasa a biya shi, ya faɗi a biya shi. Najeriya ta ɗanɗana wannan da Gernot Rohr, Bajamushen da ta sallama a Disambar 2021: ya kai ƙara FIFA, aka umarci hukumar ƙwallon Najeriya ta biya shi sama da dala 370,000.

Abin da ya faru a gidanmu

Yanzu mu dawo N'Djamena, mu tuna shekara biyu da yawancinmu muka gani da idonmu.

A Disambar 2014 Sao suka ci kofin ƙasashen CEMAC, suka doke Kwango a wasan ƙarshe, a ƙarƙashin Bafaranshe Emmanuel Trégoat. Ranar 14 ga Nuwamban 2015, a filin Idriss Mahamat Ouya, suka doke Masar da ci ɗaya ba ko ɗaya a wasan neman zuwa kofin duniya. Ezechiel N'Douassel ne ya ci. Kocin Masar a ranar shi ne Héctor Cúper na Ajantina, mutumin da ya kai Valencia wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai sau biyu a jere, a 2000 da 2001. Ba sai an faɗa muku ba, abin da Masar take biyansa ya fi ƙarfin abin da Chadi take iya biyan kowa. Amma a ranar ya fita da kunya.

Dillalinmu zai ce: "Kun gani ko!" To ya dakata. Bayan kwana uku aka sake karawa a Masar, suka zuba mana huɗu ba ko ɗaya. Wasa ɗaya yana iya faɗawa hannun kowa. Idan aka yawaita karawa, mai 'yan wasa da tsari shi yake rinjaye.

Sai kuma abin da ya fi ciwo. A Maris 2016 Chadi ta janye daga wasannin neman zuwa kofin Afirka na 2017 saboda rashin kuɗi. Hukumar CAF ta ci ta tara, ta kuma hana ta shiga na 2019. A Maris 2021 saɓani tsakanin ma'aikatar wasanni da hukumar ƙwallon ƙasa ya sa CAF ta cire Chadi daga neman zuwa gasar da aka yi a nan maƙwabta, Kamaru, har da wasanni a Garwa. FIFA ta dakatar da ƙasar a Afrilu, sai a Oktoba ta ɗage. Bayan haka an ɗauki lokaci Sao suna buga wasanninsu na gida a ƙasashen waje, irin su Yawunde, saboda filinmu bai cika sharuɗɗan CAF ba.

Ku lissafa: gasa uku a jere, 2017 da 2019 da 2021, matsalar ofis ce ta hana Chadi shiga ko ƙarasa wasannin neman zuwa. Da Capello ne kansa yake zaune a benci, me zai yi? Ba a horar da ƙungiyar da ba a bari ta shiga fili ba. Wannan ita ce amsar farko ga direbanmu.

Kuma ku duba abin da ya biyo bayan buɗe sabon filin Mandjafa a 2025. A watan Satumba Ghana ta zo N'Djamena, aka tashi ɗaya da ɗaya. Shi ne makin farko da Sao suka samu a wannan rukuni, a gaban jama'arsu, kuma Ghanar nan ita ce ta ƙare ta ɗaya ta tafi kofin duniya. Maki ɗaya ba abin a buga ganga ba ne, amma ya nuna abin da filin gida yake ƙarawa, wanda ba a sayensa da albashin koci.

Janyewar 2016 har Najeriya ta shafa, don rukuninmu ɗaya da ita da Masar da Tanzaniya. Ta doke mu biyu ba ko ɗaya a Kaduna a Yunin 2015. Da muka janye aka soke wannan sakamako, rukunin ya koma ƙasa uku, ta ɗaya kawai za ta wuce. Masar ta wuce. A wannan zagaye kaɗai Najeriya ta yi koci huɗu: Stephen Keshi, Sunday Oliseh wanda ya ajiye aiki a Fabrairun 2016 yana kukan ba a biyansa, Samson Siasia, sannan Rohr. Makiyayi huɗu a kan garke ɗaya cikin wata 15, ina dabba za ta yi ƙiba?

Darasi daga maƙwabta

Nijar ta fara zuwa kofin Afirka a 2012, kuma ɗan gida ne ya kai ta, Harouna Doula. Rukuninsu ya haɗa da Masar, wadda ta ci kofin sau uku a jere a 2006 da 2008 da 2010, da Afirka ta Kudu, da Saliyo. Mena ta ci duka wasanninta uku na Yamai, ta faɗi duka ukun waje, kuma hakan ya ishe ta. CAF ta zaɓi Doula gwarzon koci na 2011. Da aka je gasar, Gabon ta doke su a wasan farko, sai aka tura shi gefe aka miƙa ragama ga Bafaranshe Rolland Courbis. Sauran wasa biyun ma aka faɗi. A 2013 Nijar ta koma da Gernot Rohr, ta dawo da maki ɗaya. Ɗan gida da Bature, kusan wuri ɗaya suka tsaya, domin 'yan wasan su ne dai.

A Najeriya, Stephen Keshi ya ci kofin Afirka a Fabrairun 2013 a Afirka ta Kudu, ya ɗauki 'yan wasa da dama daga ƙungiyoyin cikin gida, kuma ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe. Albashinsa naira miliyan 5 ne a wata, wajen dala 30,000 a canjin lokacin, kuma a shekarar da ya ci kofin sai da ya bi bashin watanni. A 2014 ya kai Najeriya zagaye na biyu a kofin duniya. Rohr ya yi shekara biyar, ya kai ta kofin duniya na 2018, ya zo na uku a Afirka a 2019. Peseiro kuwa, da wa'adinsa na farko ya ƙare a 2023 aka rage masa albashi zuwa dala 50,000 a wata, kuma bayan ragin ne ya kai wasan ƙarshe. Cikin su ukun, wanda aka biya mafi ƙanƙanta shi ya kawo kofi.

Wa ya doke Peseiro a wasan ƙarshen? Kwaddibuwa, mai masaukin baƙi, ranar 11 ga Fabrairun 2024 a Abidjan, da ci biyu da ɗaya. Labarinta ya isa darasi shi kaɗai. Ta fara gasar da Bafaranshe Jean-Louis Gasset. Equatorial Guinea ta zuba mata huɗu ba ko ɗaya a gida, aka sallame shi ana tsakiyar gasa. Ba ta ma san za ta wuce ba sai da Maroko ta doke Zambiya a wani rukuni daban. Ta nemi aron Hervé Renard daga Faransa, aka hana. Sai aka ce da mataimaki, Emerse Faé, ya riƙa kafin a ga abin da hali zai yi. Shi ne ya fitar da Senegal da Mali da Kwango ta Kinshasa, ya doke Najeriya, ya ɗaga kofi. Da Zambiya ta rama ƙwallo ɗaya a daren nan, da ba wanda ya san sunansa a matsayin koci. Sa'a ma tana da nata rabo.

Masu zuwa Kano fatauci sun san Kano Pillars, Sai Masu Gida, ƙungiyar gwamnatin jiha. Ta ci gasar Najeriya a 2008, sannan sau uku a jere a 2012 da 2013 da 2014. Kadiri Ikhana ne ya ci na farko, Mohammed Babaganaru ya ci biyu, Okey Emordi ya ci na huɗu. Koci uku, kofi huɗu. Abin da bai canja ba a shekarun shi ne gungun 'yan wasa irin su Rabi'u Ali da Gambo Muhammad, da filin Sani Abacha cike da jama'a, inda aka yi sama da shekara goma ba a doke su a wasan gasa ba. A 2022 ƙungiyar nan dai ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 ta dawo.

To koci ba shi da amfani ke nan?

A'a. Nan ne dillalinmu shi ma ya wuce gona da iri. Akwai masu horarwa da hannunsu yake bayyana duk inda suka je. Hervé Renard ya ci kofin Afirka da Zambiya a 2012, lokacin da ba wanda yake lissafi da ita, ya sake ci da Kwaddibuwa a 2015. Keshi kafin ya ci wa Najeriya kofi shi ne ya samar wa Togo gurbin zuwa kofin duniya na 2006, karo na farko a tarihinta. A jami'o'in Amurka, Nick Saban ya ci kofin ƙasa sau bakwai, shida daga ciki da jami'ar Alabama, kafin ya yi ritaya a Janairun 2024 yana karɓar sama da dala miliyan 11 a shekara. Irin waɗannan sun ci ladan kuturu, sun kuma yi masa aski. Matsalar ita ce ba su da yawa, kuma masu karɓar irin albashinsu sun ninka su sau da yawa. Kasuwa tana biyan mutum goma farashin gwani, alhali gwanin ɗaya ne a cikinsu.

Wani masanin tattalin arziki, Stefan Szymanski, ya bi lissafin kuɗin ƙungiyoyin Ingila na shekaru masu yawa. Ya gano cewa idan aka duba dogon lokaci, abin da ƙungiya take kashewa a albashin 'yan wasanta shi yake bayyana kusan kashi 90 cikin 100 na matsayin da take ƙarewa a tebur. Ɗan abin da ya rage ne ake rabawa tsakanin koci da rauni da alƙalin wasa da sa'a. Da harshen kiwo: yawan nono daga irin shanun yake, da ciyawa, da ruwa. Makiyayi nagari yana ƙarawa, mugu yana ragewa, amma ba wanda zai tatsi nonon damina a tsakiyar bazara.

Kuma kuɗi yana bin kuɗi. Ƙungiyar da take iya biyan koci mai tsada ita ce dai take iya sayen manyan 'yan wasa, da likitoci, da fili mai kyau, da jirgi. Idan ta yi nasara sai a ce tsadar koci ce, alhali arzikin gidan ne gaba ɗaya. Mai shanu dubu da rijiyar kansa da motar kai ƙulin auduga a rani, dole makiyayinsa ya fi na talaka albashi, kuma dole shanunsa su fi kyau. Ba lalle albashin ne ya kawo kyan ba.

Canja makiyayi a bakin damina

Wani mai sauraro daga Fotokol ya yi tambaya mai kyau: me ya sa sau da yawa idan aka kori koci sai ƙungiya ta farfaɗo?

Amsar tana cikin lokacin da ake korar. Ba a korar koci sai abubuwa sun kai maƙura: an faɗi wasa huɗu ko biyar, manyan 'yan wasa suna jinya, an haɗu da ƙungiyoyi masu ƙarfi a jere. Daga ƙasan rami kuwa ba inda za a nufa sai sama. Masu jinya za su warke, wasanni masu sauƙi za su zo, ko an canja koci ko ba a canja ba. Masu bincike a Turai sun gwada ƙungiyoyin da suka kori koci da waɗanda suka shiga irin wannan hali amma suka yi haƙuri, suka tarar farfaɗowar kusan iri ɗaya ce.

Kamar mai garke ne da ya ga shanunsa sun rame a watan Mayu, ya kori makiyayinsa ya ɗauki sabo. Yuni da Yuli ruwa ya sauka, ciyawa ta fito, shanu suka murmure. Sai ya riƙa yabon sabon yaro a kasuwa. Wanda ya sha wahalar rani, ya kwana a bakin rijiya, ya tafi da baƙin jini, wanda ya zo a kan ruwa ya kwashi yabo. Leicester ta Ingila ta ci gasar Firimiya a 2016 da Claudio Ranieri, abin da ba wanda ya yi mafarkinsa. Bayan wata tara, a Fabrairun 2017, ta sallame shi. Mutumin bai manta aikinsa cikin wata tara ba.

Ma'aunin da ya fi adalci

Idan haka ne, da me za a auna koci? Da abin da kuke auna yaron kiwo: me aka damƙa masa, me ya dawo da shi, kuma a wace irin shekara. Wanda aka ba shanu 50 a shekarar fari ya dawo da 48, ya fi wanda aka ba 50 a shekarar albarka ya dawo da 52. Doula da ya kai Nijar gasa ya faɗi a can, ya yi aikin da ya fi na kocin da aka ba taurari ya tsaya a zagaye na biyu.

Don haka idan kuka ji an ɗauko sabon koci, a Chadi ne ko Kamaru ko Nijar ko Najeriya, kafin ku tambayi nawa ne albashinsa ku tambayi waɗannan. Gasar cikin gida tana gudana a kan lokaci, yadda 'yan Gazelle da Tourbillon da Renaissance da Foullah za su riƙa buga wasa duk mako? An biya 'yan wasa alawus ɗinsu na wasan baya? Akwai kuɗin jirgi da masauki har ƙarshen zagaye, ko za a sake tsayawa a tsakiya kamar 2016? Kocin zai zauna a ƙasar yana kallon yaran unguwanni, ko sai saura kwana biyar wasa zai sauka daga jirgi? Kuma me takarda ta ce idan aka rabu, nawa za a biya shi?

Tsarin biyan ma akwai abin koyi a wajen masu kiwo. Da yawa ba sa dogara ga kuɗin wata kaɗai. Ana ba makiyayi abin da zai ci, sannan bayan wani lokaci a ba shi maraƙi ko karsana, don ya san ƙaruwar garke ƙaruwarsa ce. Haka ya kamata yarjejeniyar koci ta kasance: albashi daidai ƙarfin ƙasa, wanda za a iya biya ranar da aka yi alkawari, sannan lada mai tsoka idan ya kai ƙungiya inda aka sa masa. Alkawarin miliyoyin da ba za a iya cikawa ba ƙarshensa ƙara a FIFA, a biya bashi da tara, ga kuma ba kofi. Shi ma mai aiki yana da hakki: wanda ya bi ka bashin wata shida, da wane baki za ka tambaye shi sakamako?

To Alhaji direba da Malam dillali, ga hukuncinmu, kuma kowa ya samu rabi. Koci nagari yana da tasiri, ya cancanci a biya shi da kyau kuma a kan lokaci. Amma yawan albashi ba ya nuna nagarta, kuma ko nagarin ne ba zai yi komai ba idan babu fili, babu gasa, babu kuɗin tafiya. A halin da Sao suke ciki, sefa miliyan 42 a wata za ta fi amfani idan aka raba ta tsakanin gasar cikin gida, da horar da yara, da koci mai matsakaicin farashi da za a bari ya yi shekara huɗu yana aiki. Kuɗin shayin daren nan kuma ku raba shi biyu.

A mako mai zuwa za mu duba yadda matasanmu suke tsallaka iyaka neman ƙungiya a Garwa da Maiduguri da Kano, da irin takardun da ya kamata uba ya gani kafin ya bar ɗansa ya bi wani dillalin 'yan wasa. Mai tambaya ko gyara ya aiko mana ta hannun wakilanmu na kasuwanni. Allah ya tsare hanya, ya ba da damina mai albarka, ya ƙara wa dabbobi lafiya. Mu kwana lafiya.